Bencin da ke Barandar Kuramoto

3 ga Oktoba, Juma'a, da tsakar rana

Na sa takalmi, na ɗauki sanda, har na kai gindin gangare kafin na tuna. Sati na biyu ke nan da rasuwar Kuramoto, amma ƙafata ba ta sami labari ba.

Tun da na bar aiki a ofishin tashar jiragen ruwa, shi kuma ya bar banki, ba mu taɓa fashin Juma'a ba. Mu zauna a bencin barandarsa muna kallon mashigin teku, matarsa Tomie ta kawo mana shinkafa da miyar kori, irin wadda ake dafa wa sojan ruwa kowace Juma'a don kada kwanaki su ɓace masa a teku. Mu ci, mu yi dara, ya yi mini maguɗi, in yi kamar ban gani ba.

Na tsaya na kalli jirgin fito har ya shige bayan tsibiri, na dawo. Kazue, 'yar ƙanwata, ta bugo waya tana tambaya ko na sha magani. Na ce na sha.

5 ga Oktoba, Lahadi, da yamma

Ruwa a kwance kamar an shimfiɗa zane. Ban fita ba.

7 ga Oktoba, Talata, da hantsi

Jaridar gari ta buga tarihinsa. Shugaban bankin masunta da manoman lemo. Shugaban ƙungiyar unguwanni. Wanda ya tsaya aka gina katangar bakin teku. Aikin soja kuwa layi ɗaya suka ba shi, a ƙasa, kusa da tallan maganin ciwon gwiwa.

Ni a wannan layin na san shi. Muna samari, a jirgin share nakiyoyin da yaƙi ya bari a mashigin nan. Jirgin katako ne, domin nakiyar tana jin ƙamshin ƙarfe. Ƙusoshinsa ma na tagulla ne. In mun shiga ruwan da ake zargi, sai kowa ya cire agogo, ya rage murya, mu riƙa tafiya a hankali kamar masu wuce ɗakin jariri. Kuramoto kaɗai ba ya iya yin shiru. Sai ya matso kusa da kunnena yana lissafa mini irin abincin da zai ci in mun koma tudu.

Ya girme ni da 'yan watanni a haihuwa. Amma na riga shi hawa jirgi da rabin shekara, ni na nuna masa inda zai rataye jakarsa da yadda ake naɗe igiya. A wurin sojan ruwa wannan ya gama magana: wanda ya riga hawa shi ne babba. Tun daga ranar yake kirana Yaya, bai kuma daina ba har gashinmu ya yi fari.

Da aka zo farfasa jirgin bayan shekaru, ya hau jirgin ƙasa ya je har can ya roƙi katako ɗaya daga daɓen da muke wankewa kowace safiya. Shi ne ya sa kafinta ya yi wa ƙafafu, ya zama bencin nan. Har yau ramukan ƙusoshin suna nan, bakinsu kore.

10 ga Oktoba, Juma'a, gab da faɗuwar rana

Na je na kunna masa turare. Tulun ƙasusuwansa da suka rage bayan ƙona gawa na nan a naɗe cikin farin ƙyalle, hotonsa a sama, wanda aka ɗauka yana tsakiyar jawabi, baki a buɗe. Tomie ta ce ta zaɓe shi da gangan, don a haka kowa ya san shi.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yaya, kun bushe kamar kifin da aka manta a rana."

Na ce mata ita kuwa bakinta bai rame ba ko kaɗan.

Ta kawo shayi, muka zauna a ciki. Ta gilashin ƙofa ina hango bencin, ganyayen da iska ta kwaso sun taru a kansa. Ta ce ranar cikar kwana arba'in da tara, takwas ga watan gobe, in an gama addu'a an kai ƙasusuwan kabari, za a raba kayan tunawa. Agogo na ɗansu Noriyuki ne. Hular soja ta ragowar tsofaffin ƙungiyarmu. Sandar kamun kifi ta maƙwabci. Bencin kuwa, Noriyuki ya riga ya yi wa ofishin gari alkawari. Za su sa shi a zauren shiga, su kewaye shi da jar igiya, su kafa allon tagulla mai sunansa.

Na tambaya ko za a riƙa zama a kai. Ta ce ai igiyar don hana zama ce.

Daga nan ta gyara zama, ta dafa tabarma da hannu biyu, ta sunkuyar da kai har ƙasa. Ta ce in yi haƙuri, ni kaɗai ne ba za a miƙa wa komai ba. Ba a ba na gaba kayan na baya, kamar an ce masa ne ga tsumman ƙaninka. Kuma mutumin gidan nan ya shekara hamsin yana faɗa musu cewa ni ne babbansa, ba za ta kunyata shi ba tun turarensa bai huce ba.

Na ce haka ne, haka al'ada take. Na yaba shayin.

Na san sauran maganar, ita ma ta sani: babba yana iya karɓa in shi ya roƙa da bakinsa. To wane irin babba ne ke miƙa hannu a gidan makoki, ya kuma sa ɗan mamaci ya karya alkawari a gaban gari?

Ba na son agogo. Ba na son hula. Bencin nake so.

12 ga Oktoba, Lahadi, da sassafe

Hazo ya rufe tsibirai. Ana jin ƙahon jirgi, ba a ganin jirgin.

14 ga Oktoba, Talata, da yamma

Abin da ya faru da tukunya ba abin rubutawa ba ne. Baƙin hayaƙin bangon ma da sabulu zai fita.

16 ga Oktoba, Alhamis, da la'asar

Kazue ta zo da mijinta. Ya kwance murhun gas ya sa a mota, ya bar mini butar lantarki. Ita kuma ta yi ta kallon raunin goshina, sannan ta tambaya tun yaushe na faɗi nake kwance a ƙasa kafin mai kawo jarida ya leƙo. Na ce ban daɗe ba. Gaskiya ban sani ba. Na dai tuna ƙasan teburi yana da kyau, hasken rana na yawo a jikinsa kamar yadda yake yi a cikin jirgi in ya faɗo daga ruwa.

Ta ce, "Kawu, ba faɗa nake yi ba."

Na ce ai ban ce tana faɗa ba. Ta bar wasu takardu masu hotunan tsofaffi suna dariya a lambu. Na ɗora buta a kansu.

18 ga Oktoba, Asabar, da hantsi

Ina ta tuna yadda yake aikin bankinsa. In masunci ya zo neman rance don sabon inji, ba ya fara da takarda. Sai ya ce a dawo jibi. Washegari ya sa kwat ɗinsa, ya gangara bakin ruwa kamar mai shan iska, ya tsaya kan kwalekwalen mutumin yana duba yadda ya naɗe igiyarsa. In ta kwanta da'ira kan da'ira, an gama. In kuwa an watsar da ita kamar hanjin kifi, ko mutumin ɗan wane ne, sai ya gyara halinsa ya dawo baɗi. Har aka kai masuntan garin nan suna naɗe igiya da kyau ko ba sa neman komai, don kada Kuramoto ya wuce.

Na taɓa ce masa ni na koya masa aikin banki ke nan, ya kamata a riƙa ba ni rabin albashi. Ya ce an riga an biya ni da miyar kori.

Ranar buɗe katangar teku, ga manyan baƙi daga babban birnin lardi a kan dandamali, ga makaɗan makaranta, ya hango ni a bayan taro riƙe da laima da ledar kifi. Ya bar lasifika, ya sauko, ya ratsa mutane, ya rusuna mini har na ga tsakiyar kansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya koma ya ci gaba da jawabi har yaran da ke busa ƙaho biyu suka yi barci a tsaye.

Da na san abin da rusunawar nan za ta jawo mini, da na buga masa kifin a ka.

21 ga Oktoba, Talata

Ko Laraba. Jarida ta ce Talata.

24 ga Oktoba, Juma'a, da tsakar rana

Tomie ta aiko a kira ni, ta dafa miyar. Ta ce a waje za mu ci, ta share ganyen da hannunta. Wannan ne zamana na farko a bencin tun da ya tafi. Katakon ya ɗauki rana, yana da ɗumi kamar wani ya tashi yanzu. Na sa yatsa a ɗaya daga ramukan ƙusa, inda nake sawa kullum in yana dogon tunani kan dara.

Ta zauna a bakin ƙofa tana ɓare lemo. Ta ce mutumin ofishin gari ya zo jiya da abin awo, ya ce za su shafa masa wani mai da zai sa ya yi ƙyalli. Ta ce ita dai ta tsufa, kunnenta ba ya jin abin da ba a faɗa ba. Sannan ta dube ni.

"Yaya, babu abin da kuke so ku ce?"

Na ce miyar ta ɗan yi ƙarancin gishiri.

Ta ce ta shekara hamsin tana ciyar da sojan ruwa biyu, ɗaya ba ya rufe baki, ɗaya ba ya buɗewa, ba ta san wanda ya fi ba ta wahala ba. Ta kwashe kwanuka da ƙarfi.

26 ga Oktoba, Lahadi, da yamma

Ban roƙa ba.

28 ga Oktoba, Talata, da la'asar

An kai ni ganin gidan kan tudu, inda ake kula da tsofaffi. Yana da tsabta. Kowa yana magana da ni da ƙarfi, a hankali. Ɗakin yana da gado da kujera da wurin wanke hannu, suka ce ana iya zuwa da abu ɗaya babba daga gida. Kazue ta ce ta san durowar kayan Harue zan zaɓa, ta riga ta auna ta. Harue matata ce. Ta daɗe da rasuwa, amma durowar har yanzu tana ƙamshin kafur ɗinta.

Na ce zan yi tunani. Kazue ta yi mamaki, ta ce me kuma ya rage a gidan nan da ya wuce durowar.

A hanyar dawowa lemo ya nuna a duk gangaren. Na ƙirga jiragen da ke mashigi, na manta, na sake.

30 ga Oktoba, Alhamis, da hantsi

Kwalaye sun shigo. An jera su a ɗakin Harue, wai don kada in yi tuntuɓe.

1 ga Nuwamba, Asabar, da la'asar

Na yi gyangyaɗi a kujera bayan abincin rana, na yi mafarki. Wai ina tsaye a tashar jirage da sabuwar jaka, takalmin yana matse ni. Jirginmu ne a gabana, amma ya yi tsawo, ƙarshensa ya shige hazo. Mutane cike a samansa, na gane wasu: babana, da kukun jirgi, da Harue tana shanya. Ba mai magana. Ga Kuramoto yana kai da kawo a cikinsu da kayan aiki da suka koɗe, ya san inda komai yake. Yana nuna wa wani sabon zuwa inda zai rataye jakarsa. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu, ba irin gaisuwar da ya saba yi mini ba, irin wadda ake yi wa yaro a ce tsaya nan tukuna, za a kira ka.

Na farka shayi ya huce, lasifikar gari tana kiɗan tashin yara daga wasa. Kuramoto ne ya sa aka kafa ta, shi ya zaɓi kiɗan, kuma duk garin nan an yarda bai da kunnen waƙa.

4 ga Nuwamba, Talata, da yamma

Noriyuki ya biyo da kansa ya gayyace ni. Yaro mai ladabi, shi ma gashinsa ya fara fari. Ya ce an tanadar mini wurin manya, za a aiko mota. Ya yi ta ba ni labarin allon tagulla, har ya nuna mini girmansa da hannu. Idonsa ya kai kan bangon da bai fita da sabulu ba, ya yi sauri ya kawar. Ashe labarin tukunya ya zaga gari.

Ya tambaya ko ina buƙatar wani abu. Na ce babu.

6 ga Nuwamba, Alhamis, da sassafe

Na goge baƙin kwat. Ya yi mini yawa, kamar aro na yi.

Jibi.

8 ga Nuwamba, Asabar, gab da faɗuwar rana

Zan rubuta tun ban manta ba.

An yi addu'a, an kai shi kabari, aka dawo gida cin abinci. Suka zaunar da ni can ƙuryar ɗaki, kusa da hotonsa, wurin da ya fi nesa da ƙofa. Daga nan na ga ana miƙa kaya ɗaya bayan ɗaya a kan farar takarda. Kowa ya karɓa da hannu biyu ya kai goshi. Ni kuwa sai ƙara mini shayi ake yi. Mutumin ofishin gari yana zaune da jakarsa a cinya, motar ɗaukar kaya tana jira a waje.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga na dafa sanda. Tashi daga tabarma yanzu aiki ne, kowa yana kallona. Na ratsa tsakanin tebura, na wuce mutanen banki, na wuce dangi, na je bakin ƙofa inda matar jikan Kuramoto ke durƙushe da butar shayi, wurin mafi ƙanƙanta a gida. Na ce ta matsa mini. Na zauna.

Noriyuki ya taso da sauri, ya riƙe gwiwar hannuna, yana magana da irin muryar mutanen gidan kan tudu. "Baba Hamaoka, wurinku can ne. Ko bayan gida kuke nema?"

Na ce masa na san inda nake, na san ranar, na kuma san wanda ya mutu. Na ce su tambayi tsofaffin nan masu riƙe da hula: a wurinmu, wa ne ne babba? Ɗaya daga cikinsu, da kurman kunnensa, ya amsa da ƙarfi cewa wanda ya riga hawa.

Na ce, "To, mahaifinka ya riga ni hawa wannan jirgin. Ni ina tasha da jakata. Daga yau shi ne Yaya, ni ne na baya. Na baya kuwa ana ba shi."

Na dafa tabarma da hannu biyu, na juya wajen hoton, na kai goshina ƙasa. Ban taɓa yi masa ba. Sai da aka taimake ni na ɗago.

Can sai na ji Tomie ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta rufe fuska da hannun riga. Da ta sauke ta ce yau dai mutumin gidan nan ya sami ƙarin girma ba tare da ya yi jawabi ba. Ta dubi ɗanta. Noriyuki ya dubi mutumin ofishin gari, kunnuwansa suka yi ja. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki hannuna, ya durƙusa a gabana daidai da ni.

Ya ce, "To, ƙanin Baba, me za a ba ka?"

Na faɗa. Kalma ɗaya ce, ashe.

Mutumin ofishin gari ya fara cewa an riga an sassaƙa allo. Tomie ta ce ya ɗauki kujerar mijinta ta ofishin banki da ke sama, a sa mata igiyar, ita ce ba wanda ya taɓa jin daɗin zama a kai, har mai ita.

11 ga Nuwamba, Talata, da hantsi

Kazue za ta riƙe durowar. Na buɗe ta na daɗe a tsaye, na gaya wa Harue. Ba ta taɓa son a yi mata dogon bayani ba.

17 ga Nuwamba, Litinin, da la'asar, gidan kan tudu

Bencin bai shiga ɗaki ba, ya fi ƙofar tsawo, na kuma hana a yanke. Bayan doguwar shawara suka ajiye shi a farfajiya, ƙarƙashin taga. Tekun ba ya fitowa daga nan sai ɗan tsaki tsakanin rufin gidaje biyu.

Ina zaune ɗazu wani tsoho ya turo keken tafiyarsa ya zauna a ɗaya gefen, bai nemi izini ba. Sunansa Oribe, ya daɗe a gidan, da can teloli yake yi wa gyaran keken ɗinki. Ya gaya mini ranar da ake ba da kifi da ma'aikaciyar da ba a yi wa gardama. Ya shafa katakon, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraro.

Ya ce, "Kai sabon zuwa, bencin nan naka lilo yake yi."

Na ce masa haka yake yi in ruwa ya fara cika.

Ya ce to. Ya riƙe gefe da hannu ɗaya, muka ci gaba da zama.